Pietro Annigoni Ba Maroƙin Fada Ba Ne

A watan Mayun 2024 aka yaye labulen zanen Sarki Charles na Ingila wanda Jonathan Yeo ya yi, wannan da ja ya mamaye shi tun daga sama har ƙasa, malam-buɗe-littafi na shawagi a kafaɗarsa. Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka ɗora shi a intanet sai ka ga an jera shi da wani tsohon zane na mahaifiyarsa, Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wanda Ba'italiyen nan Pietro Annigoni ya gama a 1955. Daga nan sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce ka ga aiki, kamar da kyamara aka ɗauka. Wasu su ce ai Annigoni maroƙi ne kawai, buroshi ne kalangunsa, duk mai mulkin da ya biya shi zai wanke shi tas.

Duka maganganun biyu sun dame ni, har gara ma ta masu zagin. Mai yabon da ya ce "kamar hoto" ya rage wa mutumin daraja bai sani ba, domin ya mai da aikin shekara hamsin ya koma gasar kwaikwayon na'ura.

Ra'ayina shi ne Annigoni yana cikin manyan masu zanen fuska na ƙarni na ashirin, kuma littattafan tarihin zane sun zalunce shi da suka tura shi gefe. Girmansa ba daga sarakunan da suka zauna masa ya fito ba. Ya fito ne daga abu biyu: ido ɗaya yake kallon sarauniya da mabaraci, sannan ya riƙe wata sana'ar hannu da ta kusa ɓacewa har ya miƙa ta ga na baya. Yana da nasa aibin, zan zo kansa.

An haife shi a Milan a 1910, iyayensa suka koma Florence a 1925, ya shiga makarantar zane ta birnin a 1927. A 1949 aka karɓi aikinsa a baje kolin Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Landan, daga nan masu kuɗin Ingila suka fara layi. Ya rasu a Florence a 1988. Wannan ya isa shimfiɗa.

"Ai kyamara ta gama da wannan sana'a"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma tana da ƙarfi. Wayar da ke aljihun kowa tana ɗaukar fuska a ƙiftawar ido, ba ta kuskuren tsawon hanci. Me zai sa mutum ya yi wata da watanni yana zuwa yana zama a gaban mai zane?

To amma kowa ya san hoton fasfo. An ɗauke ka daidai, babu ƙari babu ragi, amma ɗan'uwanka ya duba ya ce wannan ba kai ba ne. Ba ƙarya kyamarar ta yi ba. Ta kama ka ne a wani ɗan lokaci da ba ka cika zama a cikinsa ba, ka ƙame, ka riƙe numfashi. Mutumin da danginsa suka sani an tara shi ne daga kallo dubu: yadda yake sauke ido idan ya gaji, inda bakinsa ke karkata kafin ya yi magana.

Mai zanen fuska tara waɗannan yake yi, ya zaɓa, ya zubar. Zane na biyu da Annigoni ya yi wa Sarauniya, na 1969, ya ci zama 18. Wanda aka zauna masa sau 18 ya ga ranar fara'a, ya ga ranar ɓacin rai, ya ga lokacin da mai zaman ta manta ana kallonta. Fuskar da ya sa a allo ba ta kowace rana ɗaya ba ce daga cikinsu. Hukunci ne ya yanke a kan wace ce wannan mata, kuma ana iya yarda da shi ko a ƙi.

Akwai kuma wani abin lura. A 1968 shahararren mai ɗaukar hoto Cecil Beaton ya ɗauki Sarauniya cikin baƙar alkyabbar sojan ruwa, babu kambi babu ƙyale-ƙyale, bayanta fili. Duk wanda ya san zanen 1955 zai gane inda aka samo tsarin. Wato a nan kyamara ce ta bi sawun buroshi.

Batun roƙo

Gaskiya ne ya zana manya: Sarauniya, mijinta Yarima Philip, ƙanwarta Gimbiya Margaret, Paparoma John na 23, Sarkin Iran da matarsa Farah, shugabannin Amurka John Kennedy da Lyndon Johnson. Wanda ya karanta wannan jeri zai ce magana ta ƙare.

A duba zanen 1955 da kyau tukuna. Ƙungiyar dillalan kifi ta Landan ce ta ba da aikin, tsohuwar ƙungiyar sana'a mai shekaru ɗaruruwa, kuma har yau a zaurenta da ke bakin gadar Landan zanen yake rataye. (Na Sarki Charles kuwa ƙungiyar dillalan yadi aka yi wa. Turawan Ingila ba su cika sauya al'ada ba.) Sarauniya tana tsaye cikin shuɗiyar alkyabba mai duhu ta lambar girmamawa ta Garter, babu kambi a kanta, babu karaga, babu fada. Bayanta fili ne na hunturu, itatuwa sun kaɗe. Can nesa, ƙanƙane ƙwarai, akwai wani mutum a kwalekwale yana kamun kifi. Ba ta kallon mai kallo, ta karkata tana duban wani wuri.

Na yarda an ƙawata ta. Yarinya ce 'yar shekara 28, shekara biyu da naɗi, kuma mai zanen ya ba ta kwarjinin da ƙasarta ke so ta gani. Idan da wannan kaɗai ya bari, da masu cewa maroƙi suna da abin kamawa.

Sai ga na 1969, wanda aka yi wa gidan adana zanen fuskoki na ƙasa, National Portrait Gallery. Tsawonsa ya kusa mita biyu. Ta fito cikin jar alkyabba, tsaye ƙyam, fuska a ɗaure, babu komai a bayanta sai sarari. Da aka nuna shi a 1970 mutane da yawa ba su so shi ba, suka ce ya yi tsauri, ya tsufar da ita. Amsarsa ita ce bai yi niyyar zana ta kamar tauraruwar fim ba, ya gan ta ne a matsayin mai mulki, ita kaɗai da nauyin da ke kanta. Mutumin da ya san abin da jama'a suka so a karon farko, ya ƙi maimaita shi a karo na biyu, ba neman tafi yake yi ba.

Na Kennedy ya fi fito da abin fili. Mujallar Time ta sa shi ya zana shugaban don bangon fitowarta ta farkon Janairun 1962. Abin da ya kawo shi ne mutum a gajiye, ido ya faɗa, ɗaurin wuya a karkace. Kennedy bai ji daɗi ba, masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙun ƙorafi. Annigoni ya zana abin da ya gani a ofishin ne: mutumin da shekararsa ta farko a mulki ta haɗa da abin kunyar mamayar Kuba da rikicin birnin Balin na Jamus. Ina maroƙin da zai tashi a gaban uban gidansa ya ce ranka ya daɗe, ka rame?

Sannan akwai waɗanda ba su da ko sisin biyansa. Shekara goma kafin ya shiga fadar Buckingham, a 1945, ya zana wani mabaraci na titunan Florence da ake kira Cinciarda, cikin tsummokaransa. Haƙurin da ya sa a fuskar Sarauniya shi ya sa a tasa. Bai mai da shi abin tausayi don a zubar da hawaye ba, bai kuma mai da shi abin dariya ba. Ni a nan nake auna mai zanen fuska: a ajiye zanen wanda ya biya kusa da na wanda bai biya ba, a ga ko hannun ya sauya.

Abin da ke cikin kwanon fentinsa

Masu cewa "kamar hoto" ba su taɓa tambayar da me aka yi shi ba. Annigoni bai cika aiki da fentin mai na kanti ba. Ya koyi wata tsohuwar hanya da Italiyawa ke kira tempera grassa a wajen wani Barashe mai zane da ke zaune a Florence, Nikolai Lokoff. Asalinta haɗa ƙwai da mai.

Dalilin haɗin yana da sauƙin ganewa. Fentin gwaiduwar ƙwai zalla yana bushewa cikin mintoci, yana ba da layi siriri mai kaifi, amma ba ya barin ka ka narkar da launi cikin launi. Fentin mai yana kwanaki bai bushe ba, ana iya murza shi yadda ake so, amma yana rawaya da duhu idan ya tsufa. Haɗa su yana ba da abin da ke tsakiya.

Yadda masu sana'ar ke yi gaba ɗaya shi ne a fasa ƙwai, a ware gwaiduwar, a mirgina ta a tafin hannu har farin ya rabu da ita, a huda ta, ruwan ya zuba a kwalba, a yar da fatar. Sai a riƙa ɗiga man linsid, wato man 'ya'yan wani tsiro da masu zane ke aiki da shi, kaɗan-kaɗan ana kaɗawa. Man kada ya wuce yawan gwaiduwar. Daga nan a ƙara ruwa kimanin yawanta. Wasu na sa ɗan banish na ƙaro don ƙarin sheƙi. Garin launin kuma daban ake niƙa shi a kan faffaɗan dutse ko gilashi har ya yi laushi, sai lokacin aiki a haɗa shi da ruwan ƙwan, kusan daidai wa daida.

Wuraren da abin ke lalacewa sanannu ne. Idan aka zuba man gaba ɗaya, haɗin zai tsinke, mai ya taso sama. Idan ƙwan ya yi kaɗan, fentin zai bushe ya koma gari, yatsa ma ya goge shi. Idan ya yi yawa, ko aka shafa da kauri, zai tsage. Gwajin da ake yi shi ne a shafa kaɗan a gilashi, ya bushe, a kankare da wuƙa: idan ya taso yana naɗewa kamar zare, ya yi, idan ya marmashe, a ƙara ƙwai. Haɗin ba ya ajiyuwa, kwana kaɗan yake yi ya fara wari, don haka kullum cikin sabon haɗi ake. Kuma dole shimfiɗar ƙasa ta zama mai ƙarancin mai, ta sama mai yawansa. In aka juya, ta sama za ta riga ta ƙasa bushewa, ta dare.

Fentin da ke da ƙwai ba ya son abin da ke lanƙwasa. Shi ya sa zanen 1969 a kan takarda aka yi shi, aka manne ta a allon katako. Ana shafa launin ne siriri-siriri, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ta sha iska kafin ta gaba. Haske yana ratsa su, ya bugi farin da ke ƙasa, ya dawo. Wannan ne ke sa fatar mutum a zanensa take kamar da jini a ƙarƙashinta, kuma shi ne abin da allon waya ba ya iya nunawa. Yawancin masu yanke masa hukunci a intanet hoton zanen suka gani, ba zanen ba.

"Ya tsaya a baya, zamani ya wuce shi"

Wannan ce hujjar masana, kuma ita ta fi cutar da sunansa. A shekarun da yake niƙa launi kamar mutanen ƙarni na 15, Jackson Pollock a Amurka yana yayyafa fenti a ƙyallen da ya shimfiɗa a ƙasa, Alberto Burri a Rum yana ɗinke tsofaffin buhuna, Lucio Fontana a Milan yana tsaga ƙyallen zane da wuƙa. Masu rubuta tarihi suka ɗauki wannan a matsayin hanyar da zane ya bi, duk wanda bai hau ba ya zama ɗan baya.

A nan Annigoni yana da laifinsa. A 1947 shi da Gregorio Sciltian da 'yan'uwa biyu, Antonio da Xavier Bueno, suka fitar da sanarwa suna kiran kansu masu zanen zahiri na zamani, suka yi wa sabon salon kuɗin goro. Ƙungiyar ba ta wuce shekara biyu zuwa uku ba ta watse. Shi kuwa ya ci gaba da faɗan har tsufansa, yana magana kamar duk wanda ya bar zanen siffa mayaudari ne. Wannan ba gaskiya ba ne. Fontana ƙwararren mai sassaƙa ne tun kafin ya ɗauki wuƙa, ya san abin da ya bari. Ɗacin bakin Annigoni ya ba abokan hamayyarsa damar mai da shi tsoho mai mita. Haka kuma cikin zanen matan attajirai da ya yi a Landan akwai waɗanda zaƙinsu ya yi yawa, an ga alamar aikin kuɗi.

Amma kalmar "baya" tana ɗauke da zaton cewa zane layi ɗaya ne, kowa na tafiya wuri guda. Wa ya ce? Mutumin da ya zana mutum-mutumin katako yashe a kango bayan yaƙin duniya na biyu, a jerin zanensa na kaɗaici, zamaninsa yake magana a kai, ko da da tsohon harshe ne. Tsoron da ke cikin waɗannan zane na wanda ya ga an ruguza gadojin Florence a 1944 ne.

Sauran rayuwarsa ma ba a fada ya ƙare ta ba. Ya koma zanen bango a majami'u: a ƙauyen Ponte Buggianese, a babbar majami'ar Waliyyi Anthony da ke Padua, da gidan ibadar Montecassino wanda jiragen ƙasashen ƙawance suka rusa a yaƙin duniya na biyu, a Fabrairun 1944, aka sake gina shi. Yana dab da shekara 70 yana hawa kan katakon magina.

Zanen ɗanyen bango, wato firesko, ba ya yafiya. Ana gasa dutsen farar ƙasa, a jiƙa shi a rami wata da watanni, wani lokaci shekaru. Yaɓen farko mai kaushi ne, kashi ɗaya na farar ƙasa da biyu na yashi. A kansa ake fitar da siffar zanen. Sai kowace safiya a shafa yaɓen ƙarshe, siriri mai laushi, iya inda za a iya gamawa a ranar, domin bayan awa shida zuwa takwas bangon ya daina shan launi. Launin da ruwa kawai ake dama shi, babu gam. Farar ƙasar ce ke haɗuwa da iska ta koma dutse, ta kulle launin a cikinta. Ba kowane launi ke jure ta ba, shi ya sa aka fi dogara da na ƙasa: ja, rawaya, ruwan ƙasa, kore. Launin yana yin haske idan ya bushe, don haka abin da ka gani yau ba shi za ka gani bayan wata guda ba, dole ka ƙiyasta. In ka yi kuskure babu gogewa, sai a sassaƙe yaɓen a sake. In bangon yana da danshi ko siminti a ciki, gishiri zai fito ya ci zanen. Wanda yake neman suna da kuɗi cikin sauƙi ba ya zaɓar wannan a tsufansa.

Mu ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce, balle ma zanen mai rai abu ne da malamanmu suka yi magana a kansa. Hukuncin wannan na malamai ne, ba na wannan rubutu ba. Abin da tarihi ya rubuta dai shi ne Sarkin Daular Usmaniyya Muhammadu na Biyu, wanda ya ci Kustantiniyya, ya nemi Venice ta aiko masa da mai zane, aka tura Gentile Bellini a 1479, kuma zanen da ya yi masa a 1480 yana Landan har yau. Da shi yawancin duniya ta san fuskarsa.

Ruwanmu yana aljihunmu. Fuskar Sardauna Ahmadu Bello a takardar naira 200, ta Tafawa Ɓalewa a naira 5, ta Murtala a naira 20: yaran da aka haifa bayan rasuwarsu da waɗannan suka san su. Wani ne ya zauna ya zaɓi wane kallo, wane karkata kai, wace shekara ta rayuwarsu za ta zama ta dindindin. Zanen Annigoni na 1955 ya yi irin wannan aiki, an buga shi a takardun kuɗi da kan sarki na ƙasashe da yankuna da dama, irin su Malta da Fiji da Hong Kong. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba sun san Sarauniya ta idonsa. Mai wannan iko ya cancanci a tambaye shi ko gaskiya ya faɗa, kuma tambayar ta hau kan duk wanda ke zana ko gyara hotunan shugabanni da ke rataye a ofisoshi da allunan kamfe, inda ake goge kowace tamoji har mutum ya koma ɗan shekara talatin.

Gadon nasa kuwa bai tsaya a gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a Villa Bardini da ke Florence a 2008 ba. A lokacin da makarantun zane na Turai da Amurka suka rage koyar da zanen siffar mutum, ɗakin aikinsa na cikin 'yan wuraren da matashi zai je ya ga yadda ake yi. Ɗalibinsa Ben Long ya koma Amurka yana zanen ɗanyen bango a majami'un jihar North Carolina. Wani ɗalibin nasa, Michael John Angel, ya kafa makarantarsa a Florence a 1997. Yau birnin yana da makarantu masu zaman kansu da ɗalibai ke zuwa daga ƙasashe da yawa, su yi shekara guda ko fiye da fensir da gawayi kawai, suna auna gunkin farar ƙasa da zare da ido, kafin a bar su su taɓa launi. Ba duka daga hannunsa suka fito ba, akwai irin su Nerina Simi da ta koyar a birnin shekaru masu yawa. Wasu daga cikin ɗaliban nan ma suna faɗawa ramin da ake zarginsa da shi, su fito da zane mai santsi wanda babu hukuncin kowa a cikinsa. Wannan laifin koyarwar ne da ta ɗauki awo ta bar kallo, kuma zanen Kennedy na 1962 ya isa ya nuna musu bambancin.